Riƙon Fitsari Ga Mai Cutar MS: Akwai Motsa Jikin Da Zai Taimake Ki

Yau za mu taɓo wata magana wadda yawancinmu ba mu son a ɗaga ta ko da a tsakaninmu mata ne, watau fitsari ya riƙa kufce wa mace babba ba da sonta ba. Za mu duba maganar ne wajen matan da ke fama da wata cuta ta laka da ake kira MS, domin wannan matsala tana addabarsu ƙwarai, kuma likitoci sun gwada motsa jikin da zan koya miki a kansu, sun ga amfaninsa. Amma ke da ba ki da wannan cuta kada ki ajiye jaridar, gama tsokar da za mu yi magana a kai kowace mace tana da ita, kuma haihuwa da shekaru sukan raunana ta.

WACE CUTA CE MS?

Cikakken sunanta a bakin likitoci maltiful isklerosis, amma a taƙaice MS suke cewa, mu ma haka za mu kira ta. Ma'anar sunan ita ce tabo da yawa. Kada ki haɗa ta da sikila, ba su da dangantaka ko kaɗan. Wani likitan Faransa mai suna Jean-Martin Charcot shi ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a birnin Faris cikin 1868.

Ga yadda take. Ƙwaƙwalwa ita ce ke ba dukan jiki umarni, umarnin kuwa yana bi ne ta cikin laka, wadda ke kwance cikin ƙashin gadon baya, daga nan ya rarrabu zuwa hannu da ƙafa da mafitsara da sauran gaɓoɓi. Jijiyoyin da ke ɗaukar wannan saƙo suna da wata riga mai maiƙo da ta lulluɓe su, kamar dai yadda roba take lulluɓe da wayar lantarki. To, a jikin mai MS sai garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta ne, ta juya ta riƙa cin wannan riga a cikin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido. Duk inda ta ci sai ya bar tabo, saƙo kuwa in ya iso wurin tabon sai ya yi jinkiri, ko ya tsaya cik.

Shi ya sa mai ita takan ga idonta ɗaya ya dushe yana ciwo, ko ƙafarta ta yi nauyi, ko wani sashen jikinta ya mutu kamar an danne shi, ko ta riƙa tangaɗi in tana tafiya, ga wata gajiya wadda barci ba ya kawar da ita. Abin yakan zo ya yi makonni ya tafi, sa'an nan ya komo bayan watanni. Wannan zuwa da tafiya shi ke sa dangi su ce iska ce ko sammu, alhali kuwa ciwo ne na asibiti, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Ƙididdigar da Ƙungiyar MS ta Duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2 da dubu 800 ke da ita, kuma cikin kowane mutum 3 masu ita, 2 mata ne. Ta fi kama mutum tsakanin shekara 20 da 40, watau daidai lokacin aure da haihuwa da goyo. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Suwidin da arewacin Birtaniya. A ƙasashenmu ba a cika samunta ba, amma ana samu, kuma ƙarancin likitocin jijiya da na'urar hoton MRI yakan sa wasu su daɗe ba a gane abin da ke damunsu ba. Ba a sami maganin da ke raba mutum da ita ɗungum ba tukuna, amma tun daga 1993 ake ta samun magungunan da ke rage yawan tashinta.

ME YA HAƊA TA DA MAFITSARA?

Mafitsara jaka ce ta tsoka a cikin mara. Ta mai lafiya takan ɗauki kusan rabin lita, watau kamar cikin ledar fiya wata ɗaya. A bakinta akwai wata tsoka mai kama da zobe wadda ke tsuke hanya. Muddin jakar tana cika, ita a sake take, zoben kuwa a tsuke. In kin tsuguna a bayi, ƙwaƙwalwa ce ke aiko da izini, jakar ta matse, zoben ya saki, duka a lokaci ɗaya. Mace mai lafiya takan je fitsari sau 6 zuwa 8 a yini, da dare kuwa sau ɗaya ko ma ba ta tashi.

Saƙon nan tafiya mai nisa yake yi, tun daga kai har ƙarshen gadon baya, saboda haka da wuya ya tsira in akwai tabo a laka. Abin da ya sa ke nan kusan 8 cikin 10 na masu MS sukan sami matsalar fitsari, ko ba daɗe ko ba jima. Matsalar kuwa iri biyu ce. Ta farko, jakar ta zama mai gaggawa, ta riƙa matsewa ba da izini ba tun ba ta cika ba. Sai ki ji fitsari ya matse ki farat ɗaya, ki yi ta zarya, da dare ki tashi sau 3 ko 4, wani lokaci kafin ki kai bayi ya zubo. Ta biyu, jakar ta matse amma zoben ya ƙi saki. Sai ki tsuguna ki daɗe bai zo ba, in ya zo ya riƙa yankewa, ki tashi da saura a ciki. Mata da yawa suna da duka biyun tare.

Mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo. Wadda ke cikin wannan hali takan daina zuwa biki da suna, ta daina shiga mota, kullum zaninta yana igiyar shanya, alwalarta ba ta daɗewa, ta riƙa gudun shimfiɗar maigida don kunya. In ɗaliba ce ta fara ƙin zuwa aji. Mafi muni kuma, sai ta daina shan ruwa wai don kada ta ji fitsari, wannan kuwa ƙara wa ciwon ƙarfi ne, kamar yadda za mu gani.

BA KOWACE ƊIGA CE MS BA

Kafin mu ci gaba, kada wata ta tsorata. Yawancin matan da fitsari ke ɗan kufce musu in sun yi tari ko atishawa ko dariya ba su da MS, tsokar ƙugunsu ce ta yi rauni saboda ciki da haihuwa, ko ƙiba, ko ɗaukewar al'ada. Ciwon suga da ƙwayoyin cuta a mafitsara su ma sukan sa yawan fitsari.

Haka kuma kada a haɗa wannan da yoyon fitsari wanda muka sani, mai samun mace bayan doguwar naƙuda. Shi wannan huda ce ta samu tsakanin mafitsara da gaba, fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, ko tana zaune ko tana kwance. Motsa jiki ba ya toshe huda, sai an yi aiki, kuma ana yinsa a wurare irin su asibitin Babbar Ruga a Katsina da asibitin Murtala a Kano. Wadda take da wannan kada ta ɓata lokaci a gida.

FARA DA GANIN LIKITA

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kina da MS kuma fitsari ya fara ba ki wahala, ki faɗa wa likitanki ko da bai tambaye ki ba. In kina jin nauyinsa, ki faɗa wa nas mace. Abu biyu ya kamata a duba kafin ki fara komai.

Na farko, a gwada fitsarin a ga ko akwai ƙwayoyin cuta. Na biyu, a auna sauran da ke zama a mafitsara bayan kin gama fitsari, da hoton sikanin ko da 'yar siririyar roba. Ƙwararrun likitocin Birtaniya, a ƙarƙashin Farfesa Clare Fowler ta Landan, sun yi ittifaƙi a 2009 cewa in sauran yana wuce mililita 100, watau kashi ɗaya cikin biyar na ledar ruwan nan, to a koya wa mai ciwon zuƙe shi da kanta da roba mai tsabta. Kada wannan ya firgita ki. Wani likitan Amurka, Jack Lapides, shi ya fito da dabarar tun 1972, kuma mata da yawa suna yi a ɗakinsu cikin 'yan mintoci. Amfanin awon shi ne, fitsarin da ya kwanta yana tara ƙwayoyin cuta kamar ruwan kududdufi, suna kuwa iya hawa har ƙoda. Wadda take da saura mai yawa, in ta dage da riƙe fitsari ko ta sha maganin rage shi ba a auna ta ba, tana iya ƙara wa kanta wahala.

Kwana 3 kafin ki je asibiti ki samu littafi ki riƙa rubuta lokacin da kika sha ruwa da yawansa, da lokacin da kika yi fitsari, da lokacin da ya kufce. In ba ki rubutu, 'yarki ta makaranta ta rubuta miki. Wannan 'yar takarda tana taimakon likita fiye da dogon bayani.

TSOKAR DA AKE MAGANA

Kin san ragaya wadda ake rataye ƙwarya a kai. To, a ƙasan ƙugunki akwai wata shimfiɗar tsoka mai kama da ita, ta taso daga ƙashin gaba zuwa ƙashin ƙarshen gadon baya, tana tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Hanyar fitsari da gaba da dubura duk ta cikinta suka ratsa. In ta yi ƙarfi tana taimakon zoben nan wajen tsuke hanya. Bugu da ƙari, duk lokacin da kika matse ta, wani saƙo yana komawa laka wanda ke sa mafitsara mai gaggawa ta lafa. Tsoka ce kamar ta dantse, aiki yana ƙara mata ƙarfi, zama yana kashe ta.

Wani likitan mata a birnin Los Angeles na Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa wannan motsa jiki a 1948 don matan da haihuwa ta raunana, har yau kuma da sunansa ake kiransa a asibitoci. Daga baya aka gwada shi ga masu MS. A Jami'ar Campinas ta ƙasar Birazil, cikin 2010, an raba mata 27 masu MS gida biyu, aka koya wa kashi ɗaya motsa tsokar har mako 12. Waɗanda suka yi sai aka ga zubar ta ragu, audugar da suke sawa ta ragu, tashin dare ma ya ragu. A Ailan ta Arewa kuwa, Doreen McClurg da abokan aikinta sun ba da rahoto a 2008 kan mutum 74 da suka yi mako 9 suna wannan motsi tare da na'urar da ke nuna musu ko sun matse daidai. Kufcewar fitsari ta ragu da kashi 47 cikin 100, waɗanda kuma aka ƙara musu da wata na'ura mai ɗan tsikarar tsokar da lantarki, tasu ta ragu da kashi 85 cikin 100. A 2012 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, ta sa shi cikin abubuwan da za a duba yi wa masu MS.

Amma fa ki lura, motsin ba ya goge tabon da ke cikin laka, kuma ya fi amfanar wadda har yanzu tana iya matse tsokar da kanta in ta so. Saboda haka gara a fara da wuri tun ciwon bai yi nisa ba.

YADDA AKE YI

Da farko ki gano tsokar. Ki yi fitsari tukuna, sa'an nan ki shimfiɗa tabarma ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyinki, ki ɗan buɗa su. Ki ɗauka kina cikin mutane iska tana son fita miki, kina riƙe ta, kuma a lokaci ɗaya kina riƙe fitsari. Za ki ji wurin ya tsuke ya ɗaga sama zuwa ciki. Wannan ita ce. Matar aure tana iya wanke hannu ta sa yatsa ɗaya a gabanta, in ta yi daidai za ta ji an kama yatsan. Budurwa ba ta bukatar haka, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno ta matse, za ta ji wurin ya ɗan ɗaga daga katakon.

Kurakuran da aka fi yi su ne matse ɗuwawu ko cinyoyi, da riƙe numfashi, da yin nishi zuwa ƙasa kamar mai naƙuda. Nishin nan shi ya fi ɓarna, domin tura tsokar yake yi maimakon ɗaga ta. Ki ɗora hannu a cikinki, ki riƙa ƙirga a bayyane, in dai kina iya ƙirgawa to kina numfashi. Kuma kada ki mai da tsai da fitsari a tsakiyar yinsa abin yi, musamman ke mai MS, don yana iya hana mafitsara ƙarasa aikinta.

Motsin iri biyu ne. Akwai na jinkiri: ki matse ki ɗaga, ki riƙe kina ƙirga 1 zuwa 3, sa'an nan ki saki gaba ɗaya, ki huta gwargwadon abin da kika riƙe ko fiye. Ki yi haka sau 8. Kowane mako ki ɗan ƙara ƙirgar har ki kai 10. Akwai kuma na sauri: ki matse da ƙarfi ki saki nan take, shi ma sau 8. Ki yi duka biyun sau 3 a yini. Ƙa'idar likitocin Ingila ita ce matsi 8 sau 3 kullum, har wata 3 a ƙalla.

Sakin nan kada ki raina shi. Cutar MS takan sa tsoka ta sandare, tsokar da ba ta iya saki kuwa ita ce ke hana fitsari fita. Duk matsi ɗaya ki tabbata kin ji wurin ya koma ya kwanta kafin ki sake. In kin ji tsokar ta gaji tun a na 4, ki tsaya nan, gobe ma rana ce. Matsi 4 masu kyau sun fi 10 na jeka-na-yi-ka.

Bayan mako 2 ko 3, in kin ƙware a kwance, ki koma yi a zaune, daga nan a tsaye, domin a tsaye ne fitsari ya fi kufcewa. Ki haɗa shi da ayyukan da ba ki fashinsu don kada ki manta, kamar lokacin tsintar shinkafa, ko ba jariri nono, ko sauraron labaru a rediyo. Ba wanda zai san kina yi, ko da kishiya tana zaune kusa da ke. Sa'an nan ki saba da matsewa kafin tari ko atishawa, da kafin ki ɗaga bokitin ruwa ko ki saɓa yaro a baya.

Kada ki sa ran ganin canji cikin kwana 3. Yawanci sai bayan mako 6 zuwa 12 ake fara gani, kuma in an bari gaba ɗaya tsokar tana komawa yadda take. Sannu ba ta hana zuwa. In da hali, ki nemi a tura ki sashen gashi da motsa gaɓoɓi, watau fisiyo, wanda ake samu a manyan asibitoci irin su asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, a duba a tabbatar tsokar da kike matsewa ita ce, domin mata da yawa sukan yi kuskure in daga karatu kawai suka koya.

IN YA MATSE KI FARAT ƊAYA

Abin da kowa ke yi shi ne ta zabura da gudu, gudun kuwa girgiza mafitsara yake yi. Maimakon haka ki tsaya cik, in da wurin zama ki zauna. Ki yi matsi na sauri 5 ko 6, ki ja numfashi a hankali, ki kai hankalinki wani wuri, kamar lissafin kuɗin cefane. Matsuwar takan taso ne ta yi tsanani sa'an nan ta lafa. In ta lafa sai ki tashi ki tafi bayi a natse.

In likita ya tabbatar ba ki da saura mai yawa, kina iya horar da mafitsarar ta riƙa jira. In kowace awa ɗaya kike zuwa, ki ƙara minti 5 zuwa 15, ki zauna a kan haka mako guda, sa'an nan ki sake ƙarawa, har ki kai awa 2 ko 3. In kin tsuguna kuma kada ki yi nishi. Ki ba shi lokaci, in ya tsaya ki ɗan jira, ki sunkuya gaba ki sake gwadawa. Wadda ƙafarta ba ta da ƙarfin tsuguno a sama mata kujera mai rami, da dare kuma a ajiye mata fo kusa da gado don gudun faɗuwa cikin duhu.

RUWA, GORO DA ZAFI

Rage shan ruwa yana sa fitsari ya yi kauri, mai kaurin kuwa ya fi tsikarar mafitsara, ya kuma jawo ƙwayoyin cuta da taurin bayan gida. Ki sha lita 1 da rabi zuwa 2 a yini, watau leda 3 zuwa 4, da bazara ki ƙara. Ki rarraba shi tun daga safe, ki rage awa 2 kafin barci. Shayi da kofi da lemon kwalba baƙi suna da sinadarin kafin mai tayar da mafitsara, goro ma yana da shi da yawa, saboda haka mai cin goro ta rage ta gani. Ki yawaita zogale da alayyafo da wake da gwanda, domin hanjin da ya cushe yana danne mafitsara, nishin bayan gida kuma yana rushe aikin da kike yi wa tsokar.

Sauran jiki ma yana son motsi. A da likitoci kan ce mai MS ta kwanta ta huta, amma wani bincike a Jami'ar Utah ta Amurka cikin 1996 ya nuna waɗanda suka yi mako 15 suna motsa jiki sau 3 a mako sun ƙara ƙarfi da walwala. 'Yar tafiya a tsakar gida da miƙe gaɓoɓi sun isa a fara da su. Sai dai zafi abokin gabar mai MS ne. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa in sun motsa jiki ganinsu yakan dushe na ɗan lokaci, haka ma sauran alamun sukan tsananta har sai jiki ya huce. Saboda haka ki yi motsinki da sanyin safiya ko bayan la'asar, ki sha ruwan randa, ki ɗora jiƙaƙƙen tsumma a wuya, ki rage tsayuwa a gaban murhu da tsakar rana.

A nan akwai jan kunne ga iyaye masu wankan jego. Mai MS tana ɗaukar ciki ta haihu lafiya, ciwon ma yakan lafa a watanni 3 na ƙarshen ciki, amma yakan fi tashi a watanni 3 na farko bayan haihuwa, daidai lokacin da ake yi mata wanka da tafasasshen ruwa. Irin wannan mai jego a surka mata ruwa ya zama mai ɗumi kawai.

IN MOTSI BAI ISA BA

In kin yi wata 3 da gaske ba ki ga sauƙi ba, ki koma asibiti, akwai sauran hanyoyi. Akwai ƙwayoyin da ke kwantar da mafitsara, akwai kuma allurar Botox da ake yi a cikin bangonta, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita ga masu MS a 2011, tana aiki na watanni kafin a sake. Amma in kin ji zafi wajen fitsari, ko ya yi duhu yana wari, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko ƙafarki ta ƙara mutuwa farat ɗaya, ko fitsarin ya ƙi fita sam, ki tafi asibiti a ranar. Ƙwayoyin cuta a mafitsara sukan tayar da sauran alamun MS, in an yi maganinsu kuwa alamun sukan lafa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku koyi wannan motsi tun yanzu, zai amfane ku ranar da kuka zo haihuwa. In kun ga wata a aji tana yawan neman izinin fita, kada ku yi mata dariya, ku bar mata kujerar kusa da ƙofa. Wadda ke son aikin asibiti kuma ta tuna ana karatun fisiyo a jami'o'inmu, mata kuwa sun fi sakin jiki su faɗi irin wannan damuwa ga 'yar'uwarsu mace. Ke uwargida, in kin san wata da ta daina fita kuma ba ta faɗin dalili, ki kai mata wannan shafi ki karanta mata, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki kuma nuna wa maigida, domin shi ne zai ba da kuɗin mota da izinin zuwa asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.